Lambun da Muka Shayar da Tulu

Ƙarar inji ce ta tayar mini da wannan zance. Ina zaune tsakar gida da hantsi ina tsintar wake, sai na jiyo ta daga yamma, wajen bakin rafi, irin kukan nan na injin yankan itace mai shiga haƙorin mutum. Ban tambayi kowa ba, na san inda take fitowa. A duk yammacin garinmu babu sauran itacen da ya isa a ɗauko wa inji in ba na lambu ba. Na ajiye faifai, na lalubi takalmina da sandata. Amma kafin in faɗi abin da na tarar a can, sai na koma baya tukuna, don yaran yanzu sun ɗauka inuwar nan haka ta tsiro da kanta kamar tafasa a juji.

Garinmu yana tsakanin Kankara da Faskari, ba babba ba ne, amma muna da kasuwa, muna da mai gari, kuma tun zamanin En'e akwai ɗan ofis na hukuma a bakin titi. Sa'ad da na buɗe ido, wurin da ake kira lambu yanzu gonakin gyaɗa ne da faƙo, sai wata ɗorawa guda da awaki ke kwana ƙarƙashinta. Wata shekara aka turo mana wani mutum siriri mai wandon kaki da tsohon keke, aka ce shi zai kula da shuke-shuke da wasanni. Sunansa bai zauna a bakin kowa ba, Malamin Lambu muke ce masa. Ofishinsa duka ɗaki ɗaya ne da aka yanko masa daga na gandun daji. Mun sha leƙawa ta taga: tebur, buta, raga a naɗe, ƙwallon fata mai igiya, da usur rataye a ƙusa. Wannan ɗakin shi ne farkon abin da daga baya aka yi wa allo aka kira shi sashen lambu da wasanni. Mai gari ya tara magidanta ya ce kowa mai gona a bakin rafi ya saki gefe a yi lambu. Babanmu ya saki nasa, amma ya daɗe yana gunaguni a kan tuwo, yana cewa bai taɓa ganin inda aka bar gyaɗa aka shuka inuwa ba.

A gidanmu akwai Gwaggo, yayar babanmu. Mijinta ya rasu, ta dawo gida ta ƙi wani auren, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana kai wa kasuwa. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalli mutum sai ya gyara tsayuwa. Ita ce ta tare Malamin Lambu a ƙofar gida ranar da ya zo neman 'yan mata masu ɗebo ruwa, ina laɓe bayan zanenta.

Ta ce, "Malam, an amshe gonar ƙanena, yanzu kuma ɗiyanmu kake so. In abin nan ya girma, na wa ne?"

Ya sauka daga keke, ya ce, "Na kowa ne, Gwaggo."

"Kowa har da mu?"

"Har da ku, har da baƙon da ya zo cin kasuwa."

Ta dube shi, sannan ta juyo ta ce mini, "Ɗauko tulunki."

Haka muka fara. Kowace rana da la'asar, in mun gama surfe mun share tsakar gida, sai mu ɗora gammo mu gangara rafi. Da rani ruwan kan ɓuya, sai mun tone yashi da ƙoƙo mu jira ya tsatso. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar da tulu ke yi in yana cika, tana farawa da kauri ta ƙare da siriri, da sanyin ruwan da ke tsiyayowa ta bayan kunne ya gangara cikin riga. Dashen suna jere cikin tsofaffin gwangwanayen madara: bedi, wanda wasu ke kira dalbejiya, da madaci, da gwaiba, da mangwaro. Malamin Lambu ya ba kowace yarinya layinta, ya koya mana yi wa dashe gurbi kamar kwano don kada ruwa ya gudu, da kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Nawa layin madaci ne, mai jinkirin girma, har na yi ta kuka wai an ba ni na rago. Gwaggo ta ce in yi shiru, wanda na samu shi zai daɗe bayan duk mun tafi. Taki kuwa matan Maguzawa na ƙauyukan bayan dutse ke kawowa ranar kasuwa, a kafaɗa, don su ba sa ɗaukar kaya a ka. Babbarsu wata doguwa ce mai dariya kamar ana fasa itace, ƙawar Gwaggo tun suna yara. Inna muke ce mata. Ita ba ta salla, Gwaggo ba ta shan abin da Inna ke sha, amma kwanon fura ɗaya suke sa wa ludayi.

Kafin in kai munzalin da ake hana yarinya yawo, bedin ya wuce tsayin mutum. Aka share tsakiya aka yi filin ƙwallo, aka kafa turaku. Bayan girbi a nan ake kokawa, samarinmu da na Maguzawa, har daga Yankara ake zuwa kallo, kalangu na tashi tun azahar. Yara maza na langa a gefe, mu kuma muna carafke a gindin ɗorawa, tsofaffi na dara a ƙarƙashin bedi suna musu kamar za su daku. Sannan aka kawo lilo. Wani maƙeri ne ya haɗa shi da bututun ƙarfe da sarƙa, yana da wani kuka, ƙii, ƙii, da ake ji har masallacin unguwarmu. Yaran yanzu suna da waya a hannu, suna kallon wasan ƙasashen da ba su san inda suke ba, amma ban ga ɗayansu yana dariyar da muke yi a layin lilon nan ba, ƙafa duk faso, kai duk ƙura, ciki babu komai sai ɗanyen gwaiba.

Ana nan sai aka ɗauke Malamin Lambu aka mayar da shi wajen Sabuwa. Ranar da zai tafi ya bi layi-layi yana taɓa itatuwa, bai yi wa kowa dogon sallama ba. Aka kawo wani sabo, matashi, mai babur da baƙin tabarau. Ba zan ce mugu ne ba. Ya ga lambunan birni, yana so namu ya zama kamar su. Ya shuka furanni, ya shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, ya sa aka yi kujerun siminti. Daga nan sai ga waya mai ƙaya an kewaye wurin, an sa ƙyaure, an zaunar da mai gadi. Aka yi shela cewa lambu na ma'aikata ne da iyalansu da 'yan makaranta masu yunifom. Ban da talla, ban da mara takalmi, ban da mata sai in an kira su ban ruwa.

Ni ban ɗauki shelar da gaske ba. Wata rana na dawo daga kasuwa da farantin ƙuli-ƙulin Gwaggo a kai, na ga ƙyaure a buɗe, na shiga in duba madacina. Ban kai ga layin ba na ji an finciko ni ta baya. Sabon ofisan ne da kansa. Faranti ya kife, ƙuli-ƙuli ya watse cikin furanninsa. Ya ce wa mai gadi, "Wa ya bar wannan ƙazamar ta shigo?" 'Ya'yan ma'aikata na kan lilo suna kallo. Na durƙusa ina tsincewa, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne inuwar da nake durƙushe a cikinta ta bedin da ƙawata ta shayar ce. Na isa gida ban yi kuka ba sai da Gwaggo ta tambaye ni abin da ya sa ƙuli-ƙuli ya yi ƙasa. Ta saurare ni har ƙarshe tana murza tunkuza. Ta ture aikin gefe. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta fita.

Gida-gida ta bi. Lokacin tsakiyar bazara ne, zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki, kuma ofisan ya dasa sabon layin mangwaro mai aure da aka kawo masa daga nesa, yana jiran wani babban baƙo ya zo ya gani. Washegari da la'asar ɗan aikensa ya zagayo kiran 'yan mata kamar kullum. Babu tulun da ya fita. Ranar kasuwa ta zo, matan bayan dutse suka shigo gari babu taki, Inna ta wuce ta gaban ƙyauren tana waƙa. Ofisan ya nemi 'yan ga-ruwa, suka yi kwana ɗaya suka daina, don kowannensu yana da uwa ko mata a gida. Ni kuwa wannan yaji ya fi yi mini ciwo fiye da yadda ya yi wa ofisan. Nakan tsaya a bayan waya in ga ganyen ƙananan dashen ya sunkuya, ya naɗe, ya koma ruwan ƙasa. Na roƙi Gwaggo ta bar ni in kai ko tulu ɗaya.

Ta ce, "Ina jin abin da kike ji. Ni ma ban iya kallon wajen. Amma in kika kai tulu ɗaya yau, har ki tsufa ta ƙofar masu aiki za ki riƙa shiga."

Da mangwaron ya fara mutuwa, ofisan ya kai ƙara. 'Yan doka suka zo, da yake ba a kama mace, babanmu suka tafi da shi, mutumin da tun farko bai so lambun ba. Ya yini a tsare. Uwarmu ta yi ta kuka tana cewa Gwaggo za ta jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu, maƙwabta ma wasu suka fara janye jiki. Gwaggo ta tafi ƙofar mai gari, na bi ta da tabarmarta. Ofisan na zaune a kujera, ita ta durƙusa a ƙasa yadda aka saba.

Mai gari ya ce, "Ke kika hana yara ban ruwa?"

Ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ce. Ƙanena bai san komi ba, a sake shi."

"Mi ya sa?"

"Ranka shi daɗe, a gabanka aka amshi gonaki, aka ce wurin na kowa ne. Ɗiyan nan wuyansu ya kusa karyewa da tulu. Yanzu an ce ƙafarsu ta yi datti. To ƙafar da ta yi datti ita ke kawo ruwan. In ba a son ta, a bar ta ta huta."

Ofisan ya ce doka ce, kuma shi ba da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli zai yi musu ba. Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce a saki babanmu, ya ce shi ba shi da ikon buɗe ƙyauren hukuma, amma kuma bai san yadda ake tilasta wa tulu hawa kai ba. Aka tashi a haka, babu wanda ya ci.

Babanmu ya dawo gida da yamma. Muka ɗauka zai yi faɗa. Ya sha ruwa, ya dubi yayarsa ya ce, "Tunda har an kulle ni a kan abin nan, to kada ki sake ki bari." Ban taɓa jin ya goyi bayanta a fili ba sai ranar.

Kwana kaɗan bayan haka, Gwaggo ta ce duk mu cika tuluna. Ta ce itatuwan ba su yi mana laifi ba, kuma an ga abin da ake so a gani. Muka taso daga rafi a jere, 'yan mata da zawarawa da tsofaffi, matan bayan dutse na biye da nasu a kafaɗa, ranar kasuwa ce, gari cike. Muka tsaya a bakin ƙyaure cikin rana, ba wadda ta sauke. Mai gadin wani dattijo ne, taubashin Gwaggo, sun saba tsokanar juna tun ƙuruciya. Ya fito yana rarraba ido.

Ya ce, "Ke dai ba ki gajiya da jawo mini magana. In buɗe ku zuba ku fita?"

Ta ce, "Ka buɗe mu zuba mu zauna."

"Ofisa shina ciki."

"Ai shi muka kawo wa ruwan. Ka tambaye shi, yana so ko mu juye a nan?"

Ofisan ya fito daga inuwa ya tsaya. Ya dube mu, ya dubi 'yan kasuwar da suka fara taruwa a bayanmu, ya waiwaya ya dubi abin da ya rage na mangwaronsa. Wuyana ya ƙage, ruwa na ɗiga a idona, amma na rantse a raina ko zan faɗi ba zan sauke ba. Bai ce a buɗe ba, bai ce kada a buɗe ba. Ya hau babur ɗinsa ya fita ta ƙaramar ƙofa. Mai gadi ya zare sakata.

Muka shayar da kowane dashe, har furanninsa. Sannan muka kife tuluna muka baje a inuwa. Inna ta nufi lilo, ta kori wani ɗan ma'aikaci da hannu ɗaya, ta tattare zane ta zauna. Sarƙa ta yi ƙara kamar za ta tsinke, ita kuwa tana ta ƙyaƙyata dariya tana cewa a tura ta da ƙarfi. Da layi ya zo kaina na tsaya a kan katakon da ƙafata mara takalmi, na yi ta lilawa har na hango saman waya, na hango rumfunan kasuwa, da duwatsun wajen Faskari sun yi shuɗi can nesa. Ba a sake kulle ƙyauren nan da rana ba. Babban baƙon ma bai zo ba. Wayar kuwa a hankali ta bi gari, wannan ya yanki ta shingen akuya, wancan ta shanya.

Aka yi mini aure a Yankara, na yi shekaru a can, na haifi abin da Allah ya ba ni, maigidana ya rasu na dawo gida. Kowace dawowa ina ganin canji. Da aka yi ƙananan hukumomi ofishin ya samu ɗakuna da mota da ma'aikata, ana shirya gasar ƙwallo tsakanin garuruwa, ana raba dashe kyauta da damina. Daga baya aka haɗe shi da wani sashe, aka sake haɗe wancan da wani, motar ta zauna a kan duwatsu, ma'aikatan suka koma zuwa sai ƙarshen wata. Yanzu allon ne kawai ya rage, rabin rubutun ya goge. Lilo ya tafi wurin 'yan gwangwan. Gwaggo da Inna sun daɗe a ƙasa. Amma itatuwan ba su san an rufe ofis ba. Madacina sai mutum biyu sun haɗa hannu suke kewaye shi.

Sai wannan masifa ta zo. Ba sai na faɗa wa kowa a ƙasar nan abin da 'yan bindiga suka yi mana ba. Da, mace takan tafi Sabuwa biki a bayan a-kori-kura ta kwana a hanya ba ta tunanin komai. Yanzu gonar da ke bayan dutse ta gagare mu, hanya sai an tambaya kafin a hau, ƙarar babura da yawa ta isa ta sa uwa ta ƙirga 'ya'yanta da ido. Mutanen ƙauyuka suka yi ta shigowa, har da dangin uwarmu daga wajen Yargoje, da jikokin su Inna, waɗanda yanzu wasu ke zuwa coci wasu masallaci. Waɗanda ba su samu ɗaki ba, lambu ne ya karɓe su kafin a raba su gidaje. Ɗana da ke Katsina ya yi ta waya in koma wurinsa, na ce masa ya bar ɓata katinsa.

To ranar da na ji injin nan na isa lambu ina haki, na tarar an kayar da bedi na layin waje, suna kwance ganyensu bai ko yi yaushi ba. Wanda ke nuna wa mai inji itacen da zai yanka gaba jikana ne, ɗan ɗiyata, yana cikin 'yan sintirin gari. Kullum in ya gan ni sai ya ce ga amaryarsa, ni kuma in ce maigida bai kawo cefane ba. Ranar babu wanda ya yi wasa.

Na ce, "Kashe abin nan."

Ya sa aka kashe. Ya ce, "Kaka, ki koma gida. Shawarar gari ce. Za a haƙa ganuwa, rami mai zurfi, a kewaye gari, ta nan za ta bi, tsakanin gidaje da lambu. Itatuwan nan duhu gare su, mutum ɗari za su ɓuya ciki ba mu gani ba."

"Wato lambu a waje zai kwana."

"Kaka, rai ake magana."

Ban raina maganarsa ba. Yaron nan ya ɗauko gawar abokinsa a kafaɗa, ya san abin da ban sani ba. Amma na zauna a kan kututturen da suka yanke na ce ya kira mini Alhaji, shugaban kwamitin tsaron gari, ba inda za ni. Alhaji ya zo da mutanensa, sa'an ƙanena ne, ya gaishe ni da ladabi ya maimaita abin da yaron ya faɗa. Ya ƙara da cewa motar haƙan ta aro ce, wasu garuruwan na jiran ta, in aka ce a zagayo ta bayan lambu ba za ta gama ba.

Na ce, "Alhaji, ɓarayin nan sun hana mu gona mun bari. Sun hana mu hanya mun bari. Kokawa ta mutu, biki sai a gaggauce. Duk wannan su suka ƙwace. Wannan kuwa ba su ko tambaya ba, mu da kanmu za mu yanke mu miƙa masu. In kuka bar filin nan a waje, yaran garin nan ina za su yi gudu in ba gudun tsira ba?"

Ya ce, "Hajiya, gaskiya ne, amma wa zai haƙa sauran?"

Na ce, "Ku sare ƙananan rassa da sarƙaƙiyar ƙasa, ku buɗe wurin ido ya wuce, ban hana ba. Mota ta yi iyakar abin da za ta iya. Abin da ya rage ku ba mu maza masu diga, kwasar ƙasa tamu ce."

Wani daga baya ya yi dariya ya ce tsohuwa da sanda ce za ta kwashe ƙasa. Kafin in ba shi amsa, wata mata daga cikin 'yan gudun hijira, mai goyo, wadda ban ma san sunanta ba, ta ce, "Ni zan kwasa. A gindin itacen can na haihu." Wata ta ce ita ma. Alhaji ya dube su, ya ce a ba shi zuwa bayan sallar Juma'a. Ban san abin da aka tattauna a masallaci ba, na dai san jikana ya daina gaishe ni na kwanaki, kuma injin bai sake tashi ba.

Aikin ya ci mu. Motar ta tafi ta bar mana kusurwar rafi gaba ɗaya, inda ƙasa ke da tsakuwa. Maza na sara, mata na kwasa da daro da kwanon sha da tsofaffin buhuna, tun hantsi har rana ta karkata, 'yan sintiri na tsaye a bakin rafi da bindigoginsu na gida suna duban daji. Sau ɗaya aka yi ihun ga su nan, kowa ya watsar da abin hannunsa, ashe makiyayi ne da shanunsa. Da aka dawo wasu ba su dawo ba, washegari muka bi su gida muka lallaso su. Ni daro ya fi ƙarfina, da ƙaramin kwano nake ɗiba, in na kai sau kaɗan sai in zauna in riƙe wa masu goyo jarirai. Bedin da aka riga aka kayar ba su dawo ba, an yi girkin masu aiki da su, kuma duk lokacin da na wuce kututturansu sai na kawar da kai. Ba kuma zan ce ganuwa ta kawo ƙarshen tsoro ba, har yanzu da kunne ɗaya muke barci.

Amma ramin ya bi ta bayan lambu. Wanda ya tsaya a tsakiyar fili yanzu yana cikin gari.

Juma'ar da ta wuce da la'asar na sa aka kai mini tabarma bakin fili. Yaran unguwar gabas ne ke karawa da 'ya'yan baƙinmu 'yan gudun hijira, babu raga, babu usur, wani malamin firamare ke alƙalanci da tafi. Sai ga jikana ya sauko daga rumfar gadi da suka ɗaura a saman wani madaci, bindiga a kafaɗa, ya zo ya tsaya a gabana yana share gumi.

Ya ce, "To amarya, kin ƙara mana wurin tsaro. Yanzu sai mun ƙara mutum a kusurwar rafi."

Na ce, "Sai ku ƙara."

"In suka zo fa?"

"In suka zo su tarar muna kallon ƙwallo. Matsa mini, maigida, ka tare mini fili, za a buga fenariti."